Nono Babu Fura

Bayan sallar azahar aka tsinci Dakta Misbahu kwance a ƙasan ɗakin gwajinsa, kumfa na fita ta bakinsa da hancinsa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. A kan tebur akwai kwanon fura da bai shanye ba. Abokin aikinsa, Dakta Abdulfattah, shi ya ce ya leƙa ya gan shi, shi kuma ya tare adaidaita-sahu ya kai shi asibiti.

Kafin Sufeto Nu'uman ya iso, mutanen Haɗeja sun riga sun gama shari'a a bakin titi. Misbahu masanin sinadarai ne a wata 'yar cibiyar bincike. Ya daɗe yana bin fadama yana ɗibar ruwa da busasshen kifi yana awo, har ya fito a rediyo ya ce wasu na fesa wa kifi maganin ƙwari dangin fiya-fiya don kada tsutsa ta ci. Tun daga ranar, ko sallama ya yi a rumfunan kifi ba mai amsa masa. Saboda haka kowa ya ce 'yan kifi ne suka yi, kuma ta fura suka bi. 'Yan sanda ma ba su tsaya dogon tunani ba, suka kwashe mai nonon da ke zama a ƙofar cibiyar suka ajiye a bayan kanta.

Nu'uman ɗan birnin Kano ne da aiki ya jefo nan, gajeren mutum mai gajeren haƙuri. A ƙofar sashen gaggawa ya gamu da daidai da shi, Likita Amatullahi, wadda ba abin da ta tsana kamar takalmin ɗan sanda a ɗakin marasa lafiyarta.

"Zai iya magana?" in ji Nu'uman.

"Numfashi ma da tiyo yake yi. In tambaya ka kawo, yi sauri."

"Mece ce ya sha?"

"Gubar feshi ce. Tana buɗe duk wani famfo na jiki, yawu, gumi, hawaye, har huhu ya cika da ruwa. Ƙwayar ido kuma ta tsuke kamar kan allura. Mun wanke masa ciki, mun cire kayansa, mun yi masa allurar atirofin. Ya farfaɗo har ya motsa hannu. Na je duba wani mai haɗari, na dawo na tarar ya koma gidan jiya. Aka sake, ya sake komawa. Kamar wani na ƙara masa."

"Ta baki?"

"Da tiyo a maƙogwaronsa? Sufeto, allurar da ke hannuna ta kusa ƙarewa, wadda na aika a kawo kuma sai gobe. In ban san ta inda gubar ke shiga ba, mutumin nan ba zai ga magariba ba."

Ta zaro wasu 'yan siraran fararen takardu daga aljihu. Aikin Misbahu ne da kansa, abin da ya ɓata shekaru yana haɗawa: in takardar ta taɓa gubar feshi sai ta koma jawur, don likitan gaggawa ya san abin da yake yaƙi da shi ba tare da jiran awo daga wani gari ba. A sashenta ake gwada su. Ta tsoma ɗaya a furar da Nu'uman ya ɗauko daga teburin Misbahu. Suka zuba ido. Takardar ta fito fara tas.

A bakin gadon wata tsohuwa ce zaune, ta kama labule da hannu ɗaya kamar za a ƙwace mata. Hajo ce, mahaifiyar Misbahu. Likita ta kore ta ta kore ta, ta ƙi motsi.

"Ku 'yan sanda kallo kuka zo yi?" ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Waɗanda suka kashe min ɗa suna can suna ciniki."

"Bai mutu ba, Inna."

"Da ikon Allah, ba da naku ba."

A jikin bango Abdulfattah yake tsaye, sanye da baƙin gilashi. Ya nemi afuwa, ya ce kuka ne ya kumbura masa ido.

"Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka," ya ce a hankali. "Ka nemi Shu'ibu dillalin kifi. A gabana ya yi wa Dakta barazana."

Shu'ibu bai tashi daga kan buhunsa ba da ya ga kaki. 'Yan rumfa suka bar ciniki suka kewaye, ba mai fara'a ko ɗaya.

"Ka ce za ka illata Dakta Misbahu?"

"Na ce zan karya masa ƙafa in ya sake tako rumfata. Na faɗa, ban kuma janye ba. Mota guda ta kifi aka dawo min da ita daga Kudu saboda bakinsa, ni da ban taɓa fesa komai ba."

"Yau da safe kana ina?"

"Miga. Tun jiya nake can, ƙanena muka binne, dawowata ke nan. Liman da mai unguwa duk suna da waya, ka kira."

Nu'uman ya kira a gabansa. Haka ne.

"Ka aiki wani?"

Shu'ibu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In aika a kashe shi, gobe a rufe mana kasuwa? Kuma ma wace ƙafa ce ta rage da zan karya? Ruwan fadama ya gama cinye ƙafafunsa. Kullum yana susa har jini, yana zuwa mana nan yana warin man kaɗanya da habbatussauda, wai shi ne zai ce kifinmu na da guba."

Aka bushe da dariya. Nu'uman ya juya ya tafi, ransa a ɓace, don a gaskiya ya so a ce Shu'ibu ne.

A ofis 'Yar'azumi mai nono ta ƙi zama a benci. Ƙwaryarta na can a ƙofar cibiya, rana na dukanta, kuma ba abin da take faɗi sai wannan.

"Furarki ba ta da komai," in ji Nu'uman. "Amsa min tambaya ki tafi. Wa ya taɓa kwanon Dakta?"

"Ni na dama, shi ya karɓa da hannunsa. Sai yanzu kuka san ba ta da komai, bayan kun zagaya gari da ni a bayan mota?"

"Wa kuma ya saya daga cibiyar?"

"Ba kowa. Sai ɗaya Daktan, mai baƙin gilashi."

"Yaushe?"

"Da hantsi."

"Da gilashin a fuskarsa?"

"Na ce maka mai baƙin gilashi. Ya ce nono zalla, ban da fura, ban da sukari. A tsaye ya shanye, ya ce in ƙara. Har na ce masa, Dakta, ko kai ma ka fara noman shinkafa ne?"

"Me ya haɗa nono da shinkafa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Lallai kai baƙo ne. Duk wanda ya yi feshi a gona, in ya fito nono zalla yake nema, wai yana kashe dafin maganin. Lokacin feshi kafin azahar ƙwaryata ta ƙare."

"Ya saba saye a wurinki?"

"Shi? Mutumin da ke cewa nonona ba a tafasa ba, ƙazanta ce?"

Nu'uman bai tsaya sallamarta ba, ya ce wa wani kofur ya mai da ita wurin ƙwaryarta, shi kuma ya haye babur.

Ya tarar da sashen gaggawa a hargitse. Misbahu ya sake komawa, ƙirjinsa na ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke, likita na zuƙo allura tana faɗa da kowa. Nu'uman bai dubi mai gadon ba. Hajo ya duba. Tana ta goge baki da gefen mayafi, yawu na sake taruwa, goshinta ya yi gumi alhali fanka na kanta.

"Ku kunna fitila mana," ta ce. "Ɗakin nan ya yi duhu."

Ga rana tar a waje, tagogi a buɗe.

"Likita, duba min idon tsohuwar nan."

"Ba ni da lokacin…"

"Duba."

Amatullahi ta ɗaga fatar idon Hajo. Ƙwayar ta tsuke kamar kan allura.

"Inna," in ji Nu'uman, "me kike shafa masa in kin ja labule?"

"Addu'a nake masa. Ko ita ma an hana?"

"Da me a hannunki?"

Ta ƙara ƙanƙame mayafinta. Nu'uman ba mutumin lallashi ba ne, amma ya tsuguna har ƙasa.

"Ɗanki zai mutu kafin a kira magariba. Ba ni."

Ta fito da wata 'yar roba mai murfi. Man kaɗanya ne da habbatussauda, ita ta haɗa masa da hannunta tun da ƙaiƙayin fadama ya kama ƙafafunsa, kuma kullum in ya idar da sallar azahar sai ya shafa. Likita ta goga takarda a kan man. Kafin ta ɗaga hannu takardar ta yi jawur.

"Irin wannan gubar mai take so," in ji Amatullahi, muryarta ta sauka. "Ta narke a ciki, fata ta sha, balle fatar da susa ta farfasa. Ƙamshin habbatussauda kuma ya danne warinta." Sai ta juya ga ma'aikatan jinya. "Sabulu da ruwa, ku sa safar hannu. Ƙafafu, ƙirji, ko'ina. Ita ma ku wanke ta ku sa mata ruwa."

"Wa ya kawo miki robar nan asibiti?" in ji Nu'uman.

"Abdulfattah. Da wayar Misbahu da takalmansa ya haɗo. Ya ce in riƙa shafa masa ina tofi in likita ta fita, don su ba sa son maganin gida."

A baranda Nu'uman ya sami Abdulfattah yana waya, yana gaya wa wani cewa sai dai addu'a.

"Cire gilashin."

"Yallaɓai, na gaya maka…"

"Ka gaya min kuka ne. Amma tun hantsi yake fuskarka, lokacin Misbahu na tsaye da ƙafafunsa. Kukan me kake yi tun kafin ya faɗi? Cire."

Ya cire. Ba kumburi, ba ja. Ƙwayar ido ce kawai, 'yar mitsitsiya.

"Bari in gaya maka yadda aka yi," in ji Nu'uman. "Fura ba ta da komai, saboda haka ba ta baki aka ba shi ba. Shu'ibu yana Miga, bai ma san ƙofar ɗakinku ba. Wanda ya yi ya san inda Misbahu ke ajiye mansa, ya san lokacin da yake shafawa, ya san gubar da mai ke ɗauka, kuma yana da tsantsarta a kabad ɗin awo. Ka cuɗa da safe. Ta taɓa ka. Ka ji ganinka na raguwa, ka fita ka sha nonon matar da kake ƙyama. Da ka ga likita na neman ceto shi, sai ka ɗauko robar ka ba uwarsa."

Abdulfattah ya jingina da bango.

"Ni na fara haɗa sinadarin takardar nan," ya ce. "Rediyo sunansa, taro sunansa. Sai don na cike takardar awon ruwan Birniwa da ka, ban je can ba, ya ce zai kai ƙarata wurin manya, ya cire sunana gaba ɗaya. Aikin rayuwata."

"Nonon fa? Kai da digirinka, ka fi ni sanin ba ya maganin komai."

"Safar hannuna ce ta yage." Ya dubi tafin hannunsa. "Na sani ba ya yi. Amma da duhu ya fara rufe ni, ba abin da na tuna sai babana in ya dawo daga feshi."

Nu'uman ya sa masa ankwa, kuma bai sassauta ta ba.

La'asar sakaliya ƙirjin Misbahu ya bushe. Likita ta saurara da abin awo, ta sake saurarawa, ta ce allurar da ta rage za ta kai shi gobe. Ba ta yi wa Nu'uman godiya ba, ta dai ce ya fitar mata da takalmansa daga ɗaki.

Hanyar fita ta gaban gadajen take bi. Hajo na kan gadon da ke kusa da na ɗanta, da robar ƙarin ruwa a hannu. Da aka zo wucewa da Abdulfattah ta ce a tsaya. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Tuwona ka ci a gidana, Abdulfattah. Duk garin nan ka rasa hannun da za ka ara sai nawa?"

Bai ɗago ba. Kofur ya ja shi suka fita.

Can sai yatsun Misbahu suka motsa a kan zanin gado, suna lalube ta gefen da uwarsa take. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Inna, ke yake nema. An wanke ki, ba komai, kama shi."

Hajo ta dubi yatsun, ta dubi tafukanta. Sai ta cusa hannuwan biyu ƙarƙashin mayafi, ta matse su a jikinta.