Gwangwanin Sukarin Kaka

Akwai wata yarinya, 'yar shekara tara ko goma, na sha'afa. A gida Auta ake ce mata. In ta zauna bakin taga, sai ta ga gajimare sun zama tumaki suna kiwo a sama, har a yi ta kiranta ba ta ji ba.

Kakarta ba ta gani sosai. Amma kullum da safe ita ke haɗa shayinta da kanta, kuma tana alfahari da hakan. Hannunta ya san kantar kicin sarai. Sukari yana cikin tsohon gwangwanin madara mai lotsattsen gefe. Gishiri yana cikin doguwar kwalba.

Wata rana Auta ta ga kantar ba ta da kyan gani. Ta ɗauko sababbin robobin da Mama ta sayo, farare tas, duk iri ɗaya. Ta juye komai a ciki. Ta jera su kamar gidajen wani gari da take gani a mafarki. Ta rubuta sunayensu da ƙananan haruffa masu lanƙwasa.

Washegari Kaka ta kurɓi shayinta, sai ta ajiye kofin a hankali. Gishiri ta zuba.

Baba ya ce idon ya ƙara rauni, gara ta daina shiga kicin, a riƙa haɗa mata.

"To," in ji Kaka. Ta koma ɗaki, ba ta ko tsokani Auta ba kamar kullum.

 Auta ta faɗa wa Mama abin da ta yi, ta ce ai ta rubuta sunayen.

"Rufe idonki," in ji Mama. "Miƙo mini sukari."

Auta ta rufe ido. Garin nan nata ya yi duhu. Ta lalubi gida ɗaya, ta lalubi na biyu, duk ƙofofinsu iri ɗaya. Ta rasa hanya a kicin ɗinsu.

Da gudu ta je bayan ƙofa, inda ta zubar da tsofaffin kayan. Ta wanke gwangwanin da kwalbar. Sannan ta riƙo hannun Kaka, ta tambaye ta inda kowanne yake zama.

Kaka ta shafa lotsattsen gefen, ta yi murmushi.

"Ga tsohon abokina ya dawo," in ji ta. "Ke kuma, sarkin kwalliya, matsa ki ga aiki."

Ta haɗa kofi biyu. Baba ya ɗanɗana, ya janye maganarsa.

Daga ranar Auta ta gane cewa gyara ba kyan gani kaɗai ba ne. Kafin ka sauya wa abu wuri, tambayi mai amfani da shi yadda yake samunsa.