Gwangwanin Injiniya

Matata ce ta aike ni. Ranar hutu ce, da la'asar sakaliya, ina zaune a bakin ƙofa ina kwance rediyon da babu abin da ya same shi, sai ta fito ta tsaya a kaina.

"Baban Injiniya, gwangwanin nan fa?"

Na ce gobe.

"Goben nan taka ba ta zuwa. Kayanta duk na haɗa wuri ɗaya, shi kaɗai ya rage a waje. Don Allah ka ɗauko mini." Ta juya za ta shiga, sai ta ƙara da cewa, "Ka dawo kafin duhu. Kai kaɗai ka rage mini."

Injiniya 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Tun haihuwa ba ta ji, ba ta magana. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara bakwai, kuma har ranar da nake ba ku labari uwarta ba ta daina kirana da sunanta ba.

Ni a kamfanin roba nake aiki, ni ke kula da injin tankaɗe. Can baya ake narka roba a yanka ta ƙwaya-ƙwaya, sannan a zubo mini. Injin nawa rariya ce babba ta ƙarfe mai hawa-hawa, zaune a kan sifirin, wato murɗaɗɗun ƙarafa masu lotsawa, aikinta kawai rawar jiki. Ragar sama ta tare manya da waɗanda suka manne da juna, ta tsakiya ta riƙe masu kyau na sayarwa, garin kuma ya faɗa ƙasa. Ƙararsa kuwa ba a magana. Duk wanda ke wurin kunnensa a toshe yake, da hannu muke hira. Shi ya sa nake cewa a duk faɗin duniya nan ne kaɗai 'yata ta zama daidai da kowa.

Uwarta ce ta fara zuwa da ita ranar da ta kawo mini abinci. Yarinya ta ɗora tafin hannu a jikin injin, ta zaro ido, ta fashe da dariya. Daga ranar ba mu sake hutawa ba. Na sa jan fenti na zana mata wuri a gefen ƙarfen, na nuna mata nan kaɗai aka yarda ta taɓa. Na durƙusa na nuna mata ƙarƙashi, inda wasu ƙarafa biyu masu nauyi ke juyawa su girgiza injin, na ja yatsa a wuyana. Ta gane, kuma ko kusa da wurin ba ta taɓa zuwa ba. Tsayawa take yi da hannu a jan fentinta, fuska a murtuke kamar wadda aka turo bincike, har abokan aikina suka sa mata Injiniya.

Abin da ta fi so shi ne ƙwayoyin da suka manne biyu-biyu, waɗanda ragar sama ke zubarwa. Tana tsince su tana tarawa a gwangwanin madara. Idan kuma ta gaji tana son gida, sai ta zo ta bayana ta ja gefen rigata sau biyu. Dokar wurin ita ce duk mai aiki kusa da inji ya cusa riga cikin wando, don haka sai ta zaro rigar tukuna. Manaja ya yi mini faɗa a kan rigar nan har ya gaji. Ni kuma kullum ina ce wa uwarta, wannan 'yar taki sai ta sa an kore ni.

Gwangwanin yana nan a bayan ginshiƙi inda ta bar shi. Kullum ina wuce shi ina kau da kai.

Na isa kamfani rana ta yi ja. Maigadi na samu yana naɗe hannun riga zai yi alwala. Ya miƙo mini makulli.

"Babu wuta fa, tun safe masu gyara suka kashe babban layi. Kada ka daɗe, ɗana, magariba ta kawo kai."

Na tura ƙofar. Ban taɓa jin wurin nan shiru ba, sai ya zame mini baƙo. Warin roba da ta huce, da na man inji. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta tagogin sama. Ƙwayoyin da suka zube a ƙasa suna ƙara a ƙarƙashin takalmina.

Na ɗauki gwangwanin. Ya kusa cika. A jikin murfin akwai inda ta lotsa da haƙori wajen buɗewa. Na zauna a kan buhu na yi kukan da ban yi a gaban uwarta ba.

Ban san daɗewar da na yi ba. Abin da ya dawo da ni, gwangwanin ne ya fara motsi a hannuna. Ƙwayoyin ciki suna kaɗawa a hankali. Na ɗauka hannuna ne ke rawa, na ajiye shi a ƙasa.

Bai daina ba.

Sai na ji a tafin ƙafata. Simintin yana ɗan girgiza.

Na ɗaga kai. Injin yana rawa, amma babu ƙara ko kaɗan. Sifirin suna lotsawa suna miƙewa. 'Yan ƙwayoyin da suka rage a ragar sama suna tsalle, tas, tas, tas.

Na dubi makunni a bango. A kashe yake, da kwaɗon masu gyara a jiki.

Warin roba ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, na man da uwarta ke shafa mata bayan wanka.

Na tashi. Na matsa. A kan jan fentin, cikin farar ƙurar da ta kwanta, akwai shatin ƙaramin hannu. Yatsu biyar, a buɗe.

"Baba."

Daga ƙarƙashin injin muryar ta fito. Siririya ce, a hankali, kamar ta yaron da ya tashi daga barci.

Wallahi a take na san ba ita ba ce. 'Yata ba ta taɓa furta kalma ba. 'Yata ba za ta shiga ƙarƙashin can ba ko me za a ba ta. Na san abin da ke zama a wuraren da mutane suka watse da magariba, na kuma san addu'ar da ake yi. Tana bakina.

Amma shekara bakwai na yi ina jiran kalmar nan. Na sha mafarkinta. Na sha ɗora yatsunta a maƙogwarona ina maimaitawa, ba, ba, tana dariya tana motsa baki babu sauti.

Ban yi addu'ar ba. Durƙusawa na yi.

"Sake faɗa," na ce da raɗa.

"Baba. Sanyi nake ji."

Duhu ne a ƙarƙashin. A can ciki, tsakanin ƙarafan nan biyu, wani abu ƙarami yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Zo ka ɗauke ni."

Na tuna matata a bakin ƙofa. Na tuna abin da ta ce. Duk da haka na kwanta a kan cikina.

Simintin sanyi ƙalau. Ƙwayoyin suna sukata a gwiwar hannu.

Na sa kaina. Na sa kafaɗa.

Ƙarafan suka fara juyawa a hankali. Iskarsu tana taɓa gashina.

"Saura kaɗan, Baba."

Na miƙa hannu. Abin ya ɗago kai. Inda ido ya kamata ya kasance babu komai, sai baki, kuma bakin ya yi wa fuskar yaro faɗi.

Jikina ya mutu. Na kasa gaba, na kasa baya. Hannu mai sanyi ya kama yatsuna.

Sai aka ja gefen rigata ta baya.

Sau ɗaya.

Sau biyu.

Jikina ya san jan nan kafin hankalina ya sani. Yadda na saba, na juya in dube ta, na ja baya gaba ɗaya ina neman fuskarta. A daidai lokacin injin ya tashi da dukkan ƙarfinsa. Ƙarar ta cika ɗakin. Ƙarfen ya fizge hannun rigata tun daga kafaɗa ya naɗe shi. Na faɗi rigingine, sai a lokacin bakina ya buɗe na kira sunan Allah.

Komai ya tsaya cak.

Babu kowa a bayana. Gwangwanin ne kawai, a tsaye kusa da ƙafata, ba inda na ajiye shi ba.

Maigadi ya shigo da gudu da tocila, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya ce shi bai ji ƙarar inji ba, ihuna kawai ya ji. Ya haska ƙarƙashi. Babu komai sai yadin rigata a naɗe jikin ƙarfe. Ya kama hannuna ya raka ni har bakin titi yana ta addu'a.

Na iske matata a tsaye a ƙofa. Ta ga rigar, ta ga gwangwanin, ta ja ni ciki. Na faɗa mata duka, ban rage ba, har da kwanciyar da na yi bayan na tuna maganarta. Na zaci a kan wannan za ta yi fushi. Ta daɗe tana juya gwangwanin a cinyarta.

"Yaya muryar take?" ta ce.

"Ba tata ba ce."

"Na sani. Amma yaya take?"

Na buɗe baki in kwatanta mata, sai na tarar babu. Na tuna kalmomin, muryar kuwa ta goge daga kaina sarai. Ta jira, ta jira, sannan ta kifa kai a kan murfin ta yi ta kuka. Da ta natsu sai ta miƙo hannu ta kama gefen rigata, inda aka ja, ta riƙe shi har muka yi barci.

Yatsuna uku da abin ya kama ba su sake jin zafi ko sanyi ba. Da aka koma aiki na roƙi manaja ya mayar da ni sito, wajen jera buhuna. Ya ce ai ya gane, wurin injin yana tuna mini da yarinyar. Na bar shi a haka.

Gaskiyar ita ce a sito babu mai cewa in cusa riga cikin wando. A sake nake barin ta kullum, ko da za a sake ja.