Kulɓar Yashin Rafin Paki

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a firamaren Paki. Tana da ƙoƙari, sai dai akwai ta da gaggawa.

Ran Asabar da hantsi ta bi Inna Azumi, ƙanwar mahaifiyarta, zuwa rafi ɗiban ruwa. Ruwa ya janye, sai an tona yashi. Yarinyar tana cikin tono, wani abu mai santsi ya sulale ta tsakanin yatsunta, ya nutse.

"Maciji! Maciji!" ta kwarma ihu.

Mata suka watse. Inna Azumi ta yi tuntuɓe, tulunta ya fashe.

"Kin gan shi da kyau?" in ji Inna, tana haki.

"Wutsiyarsa na gani."

"Wutsiya kawai? To, yau ke za ki cika randa da ƙwarya."

Sahu bakwai ta yi. Wuyanta ya yi tsami.

Ran Litinin ta ba malamin ajinsu, Malam Iliyasu, labari. Ya yi murmushi, ya kwashi 'yan ajin zuwa rafi. Sun daɗe suna nema kafin ya kamfato yashi a ƙwarya, ya girgiza a hankali. Sai ga abin, launinsa ruwan ƙasa, yana sheƙi.

"Matso ki duba. Me kika gani?"

"Malam, ƙafafu! Huɗu, 'yan mitsi-mitsi."

"Idon fa?"

Ta ƙura masa ido. "Yana ƙiftawa."

"Maciji ba ya ƙifta ido, ba shi da ƙafa. Wannan kulɓar yashi ce. Danginta su ne ƙadangare da tsaka da damo."

"Me ya sa take ɓuya, Malam?"

"Tana gudun rana da shaho. Dubi bakinta, kamar na fartanya. Da shi take keta yashi, tana cin gara da ƙwari. Ba ta da dafi."

Yarinyar ta zana ta a littafinta. Malam ya sunkuyar da ƙwaryar, kulɓa ta shige yashi kamar kifi a ruwa. Yara suka kwashe da dariya.

Da ta koma gida, ta durƙusa. "Inna, ki yafe mini. Ashe kulɓa ce."

Inna ta shafa kanta. "Na yafe, 'yata. In kin ga abin da ba ki sani ba, ki ja da baya, ki duba da kyau, sannan ki yi magana."