Yatsu Uku na Auta

"Wa ya ba ka izini?"

Haka na tare shi tun bai ajiye jakarsa a shagona ba. Ya gyara zaman gilashinsa, ya dubi almakashin da ke hannuna, ya ja baya kaɗan.

"Gimbiya, ko sannu da zuwa babu?"

"Babu. Auta ya dawo gida da kati rataye a wuya, wai shi mai bincike ne. Da shi ya ci abinci, da shi ya kwana. Da ƙyar Umma ta karɓe da zai shiga wanka."

Dariya ya yi, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

Auta ƙanina ne, ya haura ashirin, da jinkirin fahimta aka haife shi. A da, idan hayaniya ta yi masa yawa, duk abin da ke hannunsa jifa yake yi da shi. Shi ya sa kofunan gidanmu kaf na roba ne. A cibiyar da ake koya masa riƙe fushinsa na haɗu da wannan bawan Allah, masanin halayyar ɗan Adam. Auta ne ya laƙa masa Mai Gilashi, sunan ya bi shi har cikin zuciyata.

"Ki saurare ni," ya ce. "Kullum mu ke tambaya, masu zuwa cibiyar suna amsawa. Yanzu so muke waɗanda suka bi ta hanyar nan su zauna da mu, su gyara mana tambayoyin, su yi hira da 'yan uwansu. Na tambaye shi, ya ce yana so."

"Ni ya kamata ka tambaya."

"Ke ce za ki yi aikin?"

"Za ku sa shi gaba a yi masa dariya..."

"Zo ki gani da idonki, ranar Laraba." Ya sassauta murya. "Maganar ranar aurenmu fa? Babana ya sake tambaya."

"Ka san Auta bai..."

"Na sani." Murmushin ya bar fuskarsa. "Rabin raina, ba zan sake tambaya ba. Ba na son zama wanda ke jan ki daga ƙaninki. Idan amsar a'a ce, ki faɗa min, zan iya ɗauka."

Ya fita. Na taka keken ɗinki da ƙarfi har na ɗinke hannun rigar wata baiwar Allah da wuyanta. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, so mai hana ni cin abinci. Amma tun rasuwar Abba ni ce bakin Auta, ni ce hannunsa.

Ranar Laraba na je, da shirin faɗa a jakata.

Ɗaki ne mai tebur zagayayye da kujerun roba, an manna hotunan fuskoki a bango, mai dariya, mai fushi, mai tsoro. Matasa kaɗan ne a zaune, ma'aikatan suna tsakaninsu kamar kowa. Auta ya gan ni, ya ɗaga min katin wuyansa har yana neman shaƙe kansa.

Wani saurayi mai yawan cizon bayan hannunsa ne aka zaunar gabansa. Auta ya ɗaga yatsu uku, yadda aka koya musu.

"Me ya faru kafin? Me ka yi? Me ya biyo baya?"

Saurayin ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wataƙila yana nufin..."

"Yaya," Auta ya ce ba tare da ya juyo ba, "a nan ba a amsa wa mutum. Jira ake yi."

Kunya ta rufe ni ruf. Na ga Mai Gilashi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na yi alkawarin zai gane kurensa.

Can sai saurayin ya nuna sama. "Fanka," ya ce. "Tana ƙara. Sai in ciji. Sai a fitar da ni."

"Ni ma ba na son ta," in ji Auta. Ya tashi ya kashe fankar, ya dawo ya zauna, suka ci gaba da hirarsu. Ba wanda ya yi dariya.

Da aka tashi, kowa ya watse, Mai Gilashi yana jera kujeru, Auta ya buga tebur da tafin hannu.

"Yaya, saura ke."

"Ni kuma? Ni me nake yi?"

"Na bincika ki. Na daɗe ina yi." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Kafin: Mai Gilashi ya ce aure." Ya ɗaga na biyu. "Ke kuma ki ce Auta." Ya ɗaga na uku. "Sai ki shiga kicin ki kunna famfo don kada mu ji kina kuka. Muna ji. Umma ma tana ji."

Kujerar da ke hannun Mai Gilashi ta tsaya a sama.

"Me ya sa kike cewa sunana?" in ji Auta.

Mai Gilashi ya matso zai cece ni. "Auta, ina ganin Yayarka..."

"A nan ba a amsa wa mutum."

Ya koma ya zauna kamar ɗalibin da aka kama da surutu. Suka zuba min ido su biyu, suna jira. Sai a ranar na san nauyin shirun nan, da kuma abin da na daɗe ina hana ƙanina.

"Tsoro nake ji," na ce, hawaye na zuba. "Idan na tafi, wa zai kwantar maka da hankali? Wa zai gane abin da kake so tun ba ka faɗa ba?"

"Ni nake kwantar da kaina yanzu. Ina fita waje in ja numfashi. Kuma zan faɗa da bakina, ai ina da shi." Ya gyara katinsa. "Ke ba ki taɓa tambaya ta ba."

Na share fuska da gefen mayafi. "To Autan Umma... kana so in yi aure?"

Ja'irin ya naɗe hannu yana kallon rufin ɗaki, yana jin daɗin jiran da muke yi. Mai Gilashi har gumi ya fara.

"E," ya ce daga ƙarshe. "Ki yi. Ina son ɗakinki, mai bincike yana buƙatar ofis."

Kuka da dariya suka haɗe min. Na juya ga wanda ya ce ba zai sake tambaya ba, na ga da gaske yake, ya kulle bakinsa gam, idonsa ne kawai ke roƙo.

"Masoyi," na ce, "gaya wa Baba ya zaɓi rana."

Ya cire gilashin yana gogewa, wai ƙura ce ta shiga masa ido, alhali an kashe fanka.

Bayan aurenmu, Auta ya kawo min ziyara shi kaɗai, a motar haya, da kwali rungume a ƙirjinsa. Bai bari kowa ya karɓa ba. Ya ajiye a tsakiyar falo, ya buɗe a hankali. Kofunan shayi ne, na tangaran.

"Na zaɓa da kaina," ya ce. "Ki zuba min a ciki."

Na zuba na miƙa masa. Ya karɓa, ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali.