Lalle a Idon Ƙofa

Ran Litinin da hantsi manajan sabuwar tashar jirgin ƙasa ya kira Sufeto Dzarma, yana kumfar baki. Wai ƙofar nan mai kati, wadda ba ta buɗewa sai an biya, kullum war haka sai ta wangale, jama'a su kwarara ciki kyauta. Ya rantse yau sai an kulle maigadi Mahfuz.

Sufeto, mutum mai tumbi da haƙuri, ya durƙusa da ƙyar gaban ƙofar. An shafe ɗan idon na'urar da ke rufe ta da wani abu kore-kore. Ya lakato ya sunsuna. Lalle ne, har da ƙamshin turaren humra!

"Mahfuz, wa ka gani?"

"Wallahi ranka ya daɗe, salla na tafi."

"Da hantsi? Wace sallar ce?"

Mahfuz ya sunkuyar da kai, amma fa idonsa ya saci kallon dandamalin jiran jirgi.

Can ƙarshen benci ga wata tsohuwa cikin lafaya, Ya Kellu ta unguwar Bolori, ba jaka ba ƙunshi. Sufeto ya zauna kusa da ita suka gaisa.

"Iya, ina katinki?"

"Ya faɗi, ɗana."

"Biki ake yi a gidanku?"

"Wa zai gayyace ni?"

"To me ya sa babban yatsanki kaɗai ya yi ja? Iya, yaron can za a kulle."

Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Ku sakar min shi, ni ce. Kawar da kai kawai yake yi. Da can wa ke biya don ya taryi nasa? Yanzu ƙarfe ya hana ni wucewa, wai sai mai tafiya. Ni ba tafiya zan yi ba. Abdulnasir nake jira, autana. Tun lokacin rikici ya fita."

"Iya, jirgin nan fa iyakarsa Galtimari, nan cikin gari."

"Na sani. Amma ai mutane yake saukewa."

Sufeto ya yi gyaran murya. "Sai mun je ofis."

"To. Bari wannan jirgin mai zuwa ya tsaya tukuna."

Jirgin ya tsaya. Sufeton da kansa ya kama duba fuskoki, shi da bai san Abdulnasir ba. Ɗalibai suka sauka, da masu tallan kifi, da wani mai akuya. Dandamali ya koma wayam.

Ya Kellu ta gyara lafayarta, ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

"Mu je, ɗana. Amma a hankali, gwiwa."