Dawar Da Ta Je Alƙahira

Har yau idan Raliya ta bi hanyar Bunkure ta ga ruwa na gudu a kanal, wata ranar Talata take tunawa. Lokacin ofishin ƙungiyarsu a Kura ɗaki ɗaya ne da tsohuwar fanka mai ƙara. Manoma da 'yan kasuwa ne suka kafa ƙungiyar, ba don riba ba, sai don nemo wa hatsin yankin masu saye a ƙasashen waje. Raliya ce ke duba samfur kafin a kai shi baje koli.

Wani dogon saurayi ya yi sallama, ya ajiye kwanon dawa farafara a gabanta.

"Sunana Mudassiru. Irin kakata ne wannan, babu kamarsa daga nan har Garun Malam."

Ta tauna ƙwaya ɗaya, ta tsinto tsakuwa biyu ta jera masa a tebur.

"Malam, a bakin titi ka shanya ta, kuma ba ta bushe ba. Balarabe ba ya cin tsakuwa."

Sau uku tana mayar da shi, sau uku yana dawowa da murmushi. A karo na huɗu ta duba ta rasa aibu.

"To yanzu saura lambar waya," in ji shi, "don in riƙa jin labarin dawata."

Labarin dawa bai yi mako ba ya koma wani abu.

"Malamata, yau na sheƙe zuciyata tas, ban samu kowa a ciki ba sai ke."

"Sai na duba da kaina tukuna, Manomina."

Amma mahaifinta, Malam Hambali, mai makarantar Islamiyya da ya yi karatu a Sudan, bai ji daɗin zancen ba.

"Jikan Maguzawa, Raliya?"

"Baba, tun kafin a haife shi gidansu suka musulunta."

"Asali ba ya ɓuya. Ga Alhaji Giɗaɗo mai injin shinkafa yana ta aiko mini, ki yi tunani."

Ta sunkuyar da kai.

A shekarar ƙungiya ta tafi da ita baje kolin Alƙahira. Kwana goma tana tsaye a rumfa, tana buɗe ƙananan jakunkuna, tana bayanin inda kowace ƙwaya ta fito. Giɗaɗo ma yana cikin tawagar. Kafin su dawo hotonsu su biyu ya zagaye wayoyin Kura, an rubuta a ƙasa: "Ni da amaryata, in sha Allah."

Tana sauka a Kano saƙon Mudassiru ya shigo.

"Allah ya sanya alheri. Ni manomi ne, na san iyakar gonata."

Nan take ta rubuta:

"Kwana goma ina tallata dawarka har muryata ta dishe, shi ne za ka ce mini haka? Mu tara ne a hoton, yanke shi aka yi. Ban taɓa amsa wa kowa ba sai kai."

Kafin la'asar babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar ofis. Ya shigo ya ce, "Ki yafe mini, hasken idona. Tsoro ne."

Bayan wata biyu wasu Misirawa biyu suka zo ganin dawar Mudassiru da idonsu. Tafintan ƙungiya ya kwanta zazzaɓi, shugabanta ya je ya roƙi Malam Hambali ya zo ya fassara Larabci. Haka Malam ya tsinci kansa a gidan da ya ce ba zai haɗa zuri'a da su ba.

Baƙin suka buɗe buhu, suka yaba. Sai Mudassiru ya nuna wasu buhuna a gefe.

"Malam, a gaya musu waɗancan ruwan kanal ya ɓalle ya taɓa su. Ba sa cikin ciniki."

Shugaba ya taka ƙafarsa. "Kai, wa ya tambaye ka?"

Malam ya kalli saurayin, sannan ya fassara. Babban baƙon ya dafa kafaɗar Mudassiru ya yi magana.

"Yana tambaya wane malami ne ya tarbiyyantar da kai," in ji Malam.

"Kakata Mairama ce. Ba ta san alif ba, amma ta ce wanda ya ɓoye ruɓaɓɓe a rumbu, jikokinsa ya cuta."

Wannan ma Malam ya fassara, muryarsa ƙasa-ƙasa. Raliya na bakin ƙofa da takardu a hannu, ta juya baya don kar a ga idonta.

Washegari bayan karin kumallo ya kira ta.

"Shekara talatin ina koyar da gaskiya a allo, jiya na gan ta a tsaye. Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Aka ɗaura aure ranar Juma'ar da motocin farko suka ɗauki dawar zuwa tashar jirgin ruwa. Tsohuwa Mairama ta zo da sandarta, ta yi guɗa har ta yi tari. Malam ya haɗa hannayen ango da amarya cikin nasa.

"Na so in raba abin da Allah ya haɗa, ku yafe mini. Allah ya cika muku rumbu, ya ba ku zuri'a masu gaskiya."

"Amin, Baba," suka ce tare, sai tsohuwa ta sake rangaɗa guɗa.