Dutsen Ƙofar Magini

Ke, wa ya aike ki? Mutum ya wuni a tsaye, ya samu ya miƙe ƙafa, sai ki zo ki tsare shi da tambaya, wai me ya sa Gwaggo take bin gida tana toshe ramuka da magariba. Ramin naki ne? To, tunda kunnuwanku na ƙaiƙayi, ku matso. Amma duk wanda ya jiƙa shimfiɗa yau, da hannunsa zai wanke ta.

Uwar Gwaggo yayata ce, ciki ɗaya. Ƙalƙal ake ce mata, don ba ta iya ganin datti ta wuce shi. Shara da goge-goge take yi a wurin wani likitan haƙori, a saman bene. In marasa lafiya sun watse da yamma sai ta zo, ta yi aikinta ita kaɗai, ta kulle, ta sauka ta ba mai gadi makulli.

A ɗakin jira akwai wani dogon akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da fitila a samansa, da ɗan inji mai gurnani ba dare ba rana. Yashi ne shimfiɗe a ƙasan, kaurinsa bai wuce tafin hannu a tsaye ba. Kifi ɗaya ne a ciki, tsawon ɗan yatsa, kai rawaya, baki kamar buhu. Rami ya haƙa a yashin. Da baki yake kwaso tsakuwa, ya jera a bakin ramin ɗaya bayan ɗaya, ya ja baya ya duba, ya gyara. Shi ya sa likita ya sa masa suna Magini.

Akwai mai kifi da ke zuwa duk mako ya sauya ruwa. Ranar da suka fara haɗuwa ya ja mata kunne.

"Yaya, gilashin waje naki ne, ki goge son ranki. Ciki kuwa, ko farce kada ya shiga. Kin ga wancan faffaɗan dutsen?"

"Mai gansakukan nan? Ai ƙazanta ce zalla."

"Ƙofarsa ce. Tare aka kamo su, wanda ya sayar ya ce kada a raba su." Ya ci gaba da naɗe tiyo. "Na kiwata irinsa sun fi ashirin. In rana ta faɗi, kowanne shiga rami yake yi ya jawo dutse ta ciki ya rufe. Wannan ta waje yake rufewa. Ya kwanta a kai."

"To, sai me? Wataƙila zafi yake ji."

Mai kifi bai yi dariya ba.

Wata huɗu tana kallon dutsen nan. Ta goge teburi ya yi ƙyalli, ta goge taga, ta juyo, ga shi nan kore shar yana kallonta. Abin yana cin ranta.

Ran nan ba ta sami mai riƙe mata yarinya ba, sai ta zo da ita. Gwaggo ke nan, wata goma, tana rarrafe tana kama abu ta miƙe. Ƙalƙal ta shimfiɗa mata zane kusa da ɗan teburin jaridu, ta ba ta murfin roba ta yi wasa. Da ta zo goge gilashi, ta ga Magini can gefe yana tonon tsakuwa, ga dutsen a bakin rami ba mai tsaro.

Ta ce a ranta, aikin minti biyu ne. Ta ɗaga murfi, ta zura hannu, ta ɗauko.

Ta dirje shi da buroshi a famfo har ya yi fari tas. Ta ajiye a teburin jaridu ya sha iska, ta shiga ɗakin likita da bokiti. Kun dai ji halinta da aiki. Ta ga tabo a ƙasan kujera, ta durƙusa. Daga kujera sai durowa, daga durowa sai bayan ƙofa.

Ba ta ɗago ba sai da ta ga hasken taga ya yi ja.

Abin da ta fara lura da shi, shiru. Injin nan da ba ya hutawa ya tsaya. Yarinyar ma ba motsinta.

Sai wari. Ba ƙarnin kifi ba. Warin laka ne mai sanyi, irin na ƙasan tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta fito da tsumma a hannu.

Fitilar akwatin tana nan, amma ta dushe. Magini yana zarya kamar zai fasa gilashi. Ya ɗauko tsakuwa ya ɗora a bakin rami, ta faɗa ciki. Ya ɗauko wata, ta faɗa. Ƙalƙal ta kasa kunne. Ba ta ji ƙarar saukarsu ba.

Ta leƙa ta ƙarƙashin akwatin. Katako ne, da gwangwanin abincin kifi. Ta leƙa ta sama. Ramin ya tafi can ƙasa, baƙi ƙirin, ya wuce yashi, ya wuce katako, ya wuce benen kansa.

Yashin gefe yana zurarewa ciki a hankali.

Ta juya wajen teburin jaridu. Ba dutse. Ɗan danshinsa kawai.

"Uwata," ta ce ƙasa-ƙasa. Haka take kiran yarinyar. "Uwata, kina ina?"

Tana nan a gindin akwatin. Ta kama ƙafar katako ta miƙe tsaye, ta ɗaga kai sama. Ba ta waiwayo ba.

Daga cikin ruwan wata murya ta taso. Ba magana ba ce. Waƙar rarrashi ce ƙasa-ƙasa, irin wadda uwa ke yi a maƙogwaro in tana jijjiga goyo. Ƙalƙal ta san ta. Tata ce, wadda take yi wa yarinyar kullum, ba wanda ya koya mata ita.

Yarinyar ta miƙa hannu sama, a ɗauke ta.

Ƙalƙal ta fizgo ta. Jikin sanyi ƙalau, rigar a jiƙe. Ta juyo da fuskarta. Kumatu a kumbure, leɓe a rufe gam, ruwa na bin haɓa. Ido a buɗe, ba ƙiftawa.

Dutsen yana bakinta.

"Tofar, uwata. Tofar mini."

Ta ƙi. Haƙora huɗu gare ta, amma ta datse kamar ƙofar ƙarfe. Leɓen ya fara yin shuɗi.

Waƙar ta matso. Kumfa ɗaya ta fito daga ramin. Sannan biyu.

Ƙalƙal ta kifa yarinyar a cinya, ta matse kumatun, ta cusa yatsa ta gefe. Haƙoran suka shige ta har ƙashi. Ba ta cire ba. Ta lanƙwasa yatsan, ta ƙwaƙulo.

Dutsen ya faɗo tafinta, da jini.

Ta riƙe 'yarta da hagu, ta yi bisimilla, ta zura dama cikin ruwan.

Sanyin ya kai mata har haƙori.

A bakin ramin akwai abu. Fari, siriri, da gaɓoɓi. Ya dafa tsakuwar Magini ta nan, wani ya dafa ta can. Kamar mai shirin fitowa daga rijiya.

Ta danna dutsen a kai.

Aka turo daga ƙasa.

Ta danna. Aka turo. Wani abu ya zagayo ta gefen dutsen ya shafi yatsunta uku, a hankali, kamar mai tambayar kuɗin atamfa.

Waƙar ta tsaya. Aka ce, da muryarta, dab da kunnenta:

"Uwata."

Ƙarfinta ya fara ƙarewa. Sai ga ɗan kifin nan ya zo ya kutsa tsakanin yatsunta. Ya kama gefen dutsen da baki, ya murɗa shi kaɗan, dutsen ya zauna daram a gurbinsa. Ya hau kai ya kwanta.

Inji ya tashi. Yarinyar ta tsala ihu.

Ta sauko bene ba takalmi, ba ta kulle ba, bokitin ma a can ta bar shi. Mai gadi ya ce, "Lafiya, Ƙalƙal? Yau ke ce da barin bokiti?" Ta wuce shi da 'yarta a ƙirji.

Da mai kifi ya zo ta gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon dutsen, fari tas. Abin da ya ce kawai, "Ki yi addu'a gansakukan ya dawo da wuri."

Ba ta bar aikin ba, da me za ta ci? Shekara tara ta ƙara a wurin, ba ta sake kai magariba ba, ba ta sake zuwa da yarinya ba. Yatsun nan uku kuwa, har ta koma ga Allah a yamutse suke, fari fat, kamar yanzu ta cire su daga wanki. Ni na yi mata wanka, na gani.

Gwaggo ba ta yi magana ba sai da ta shekara huɗu. Ba wanda ya taɓa ba ta labarin nan. Amma tun tana rarrafe, rana na faɗuwa za ta nemi abu ta ɗora a kan kowane rami, na wurin wanka, na wurin wanke-wanke, har na makulli. Don haka in kun ga tana yi, ku kauce mata, kada wanda ya ɗaga abin da ta ajiye.

Ke mai tambaya, sakar mini zane. Ta toshe na banɗakin, na gani da idona. Ku tashi ku kwanta.